Gayaunar Gwaggo Tabawa

Duk faɗin ƙasar Wudil, daga bakin gada har inda jakin mutum zai gaji ya kwanta, ba a taɓa yin manomi kamata ba. Na faɗa, kuma a rubuce na faɗa, mai musu ya zo ya same ni a zaure. Ni ne mutumin da ya nome gonakin gari guda tsakanin hantsi da la'asar, ban sunkuya ba, hannuna bai yi kanta ba, ko hulata ba ta karkace ba. Ƙarar motata a ranar sai da aka ji ta a kasuwar Wudil, shanu suka tsinke igiya. Wasu ma sun ce an ji ta har Kano, amma wannan ba zan rantse ba, don ni a lokacin ina kan mota.

Ku 'ya'yana kun taso kuna ji in mun je Tudun Makuba ana kirana Haladu Share-Iyaka, kuna washe baki, kun ɗauka kirari ne. Ni ma na bar ku a haka, don babu uban da yake ƙin a ɗauke shi gwarzo a gidansa. To yanzu furfura ta fara leƙowa a gemu, waɗanda suka san asalin sunan kuma sun kusa ƙarewa. Gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku labarin ya yi ƙari, domin ƙari sana'ata ce, ba na so a taya ni.

Tudun Makuba da kuka sani yau, can ta wajen Ɗankaza, ba shi ne wanda na tashi a ciki ba. A lokacin ba a san takardar gona ba. Abin da ya raba gonar wani da ta wani shi ne gamba, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Kowace gona layin gamba ya zagaye ta, gindi bayan gindi, wani gindin ya girmi kakan mai gonar. Kuma gamban iyaka ba na mutum ɗaya ba ne. In kaka ta yi an gama girbi, maƙwabtan gona biyu sukan sa rana, kowa ya zo da laujensa da 'ya'yansa, su kama yanka daga kai guda, wannan ta gefensa wancan ta gefensa, har su ɓulla ɗaya kan. Sai a ɗaure dami-dami a raba, ɗaya naka ɗaya nawa, in guda ya ragu na wanda ya fi tsufa ne. Ko mutum biyu sun shekara suna gaba, ranar yankan gamba dole su gaisa, dole su sha fura a ƙwarya ɗaya, don ba a yanka iyaka a bayan idon mai ita. Da haka yaro yake sanin gonar ubansa, da tafin ƙafarsa da ƙaiƙayin jikinsa. Akwai Malam Isuhu, wanda ciwon ido ya makantar da shi yana da 'ya'ya uku, amma bai fasa noma ba ko damina ɗaya. Da sandarsa yake bin gamba daga bakin burtali, yana taɓa gindi yana ƙirgawa, in ya kai inda ya sani sai ya karya kwana ya shiga gonarsa, ya yi noman da mai ido biyu zai ji kunya.

Gwaggo Tabawa kuwa yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, da mahaifina ya rasu ina ƙarami kuma uwata ta yi wani auren, a ɗakin Gwaggo na ƙarasa girma. Mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan ubanta, kakanmu ya yanka mata gayauna a tsakiyar gandun gida, wato 'yar gona ta kanta wadda ba mai cewa me ta shuka ko ina ta kai amfanin. Da kaka ya rasu gandu ya koma hannun ƙaninta Baffa Sale, gayauna ta ci gaba da zama tata. Ba wata gona ba ce ta a zo a gani. In ka tsaya a kai ɗaya ka yi atishawa, na ɗaya kan zai yi maka addu'a ba tare da ya ɗaga murya ba. Gamba ya kewaye ta ta gefe uku, ta kudu kuma ita da hannunta ta dasa layin lalle. Amma abin da matar nan take fitarwa daga ciki, wallahi sai ka ce da aljanu take noma: gyaɗa, gurjiya, riɗi, yakuwa, kuɓewa, har da gero kunya uku saboda kunun azumi. Daga nan aka ɗinka mini rigar sallah ta farko. Daga nan ake yin ƙuli-ƙulin da nake cika aljihu da shi ina rabawa abokai ina cewa gidanmu buhu-buhu ake zubarwa. Ko gishiri ba ta taɓa miƙa hannu ta roƙi Baffa ba, shi ya sa in ta yi magana a tsakar gida ake ajiye muciya a saurara.

Sai kuɗin fetur suka sauko ƙasa. Ku ba ku ga wannan zamanin ba, in na ba ku labari sai ku ce Baba ya fara. Mutumin da bara yake aron jaki, bana ya sayi babur ya ɗaure masa rediyo a wuya. Motocin siminti a kan gadar Wudil kamar jerin tururuwa. Samarin ƙauye su tafi Kano leburanci su dawo da agogo a kowane hannu, ɗaya na gaban ɗaya da awa biyu, ba wanda ya damu. Ni dama na koyi tuƙi a motar gyaɗa, sai aka ce wani ofishi a birni, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya kawo taraktoci yana neman direbobi. Na je, aka horar da mu, na fito da kaki mai aljihu bakwai da baƙin tabarau. Aka haɗa ni da wani jami'i, saurayi mai karatu, kullum da tef ɗin awo rataye a ƙugu, wanda daga baya mutanenmu suka sa wa suna Malam Mai-Tef. Yana neman ƙauyen da za a fara gwada sabon tsari a kai. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na buɗe bakin nan nawa na ce masa duk ƙasar nan babu mutane masu wayewa kamar na Tudun Makuba, kuma in na ce su kwanta ba mai tsayawa.

Aka tara magidanta a gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da sanyin damina mai zuwa, Malam Mai-Tef ya yi bayani. Ya ce tarakta ba ta iya juyawa a cikin 'yan gonakin nan namu masu kama da facin riga. Za a haɗe su duka a nome lokaci guda, sannan a auna a mayar wa kowa nasa a miƙe, a kafa turaka, a rubuta a takarda. Dattawa suka duƙar da kai suna kallon ƙasa. Malam Isuhu ne ya tambaya, in an share gamba me zai nuna wa mutum gonarsa. Jami'i ya ɗaga tef ya kaɗa shi, ya manta wanda ya yi tambayar ba ya gani. Aka fara kallon-kallo. Na ga abu zai lalace a gaban maigidana, sai na miƙe na gyara tabarau.

"Ku bar zancen takarda ma," na ce. "Ni nan takarda ne. Babu gindin gamban da ban sani ba a garin nan. Ko ido aka ɗaure mini zan nuna wa kowa gonarsa, har inda akuyarsa take fitsari."

Aka yi dariya, aka ce Haladu ba ya rabo da abin dariya, aka shafa fatiha. Ku riƙe wannan da kyau: ba ofishi suka yarda da shi ba, ba tef ba, ni suka yarda da ni, don ɗan gida ne. Kuma a duk taron nan ba mace ko ɗaya, ba kuma wanda ya ambaci gayauna, har ni da aka goya da gyaɗarta.

Ranar da aka sa, bayan ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, na iso da tarakta da sassafe, yara na bina a guje, kaji na tsallake danga. Ina duba mai sai ga Gwaggo da ƙwaryar koko, ta miƙo mini, ta jira na sha.

"Haladu, na ji za ku haɗe gonaki. Ku haɗe naku. Tawa ka kewaye ta."

"Gwaggo, ai aunawa za a yi a mayar miki, har da ƙari."

"Ban ce ka ƙara mini ba. Cewa na yi ka kewaye."

Na dafa ƙirji na ce ko ganyen lallenta ɗaya ba zai faɗi ba, in ya faɗi a canza mini suna. Ta karɓi ƙwaryarta ta tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin ya yi mini daɗi. Ka zauna a sama kamar mai gari, ka saki garma, ka ga ƙasa tana kifewa a bayanka baƙa wuluk, gindin gamban da mutum huɗu ba za su tumɓuke ba yana tashi sama kamar hular yaro. Na share iyakar mai unguwa, na share ta liman, na share ta Malam Isuhu, mutane na tsaye a burtali suna salati, wasu don mamaki, wasu ban san don me ba. Wajen hantsi manyan baƙi suka iso daga birni a motoci uku, da manyan riguna da mai ɗaukar hoto, aka kafa musu rumfa. Duk sanda na juyo ta gabansu sai na saki sitiyari na ɗaga hannu biyu, su tafa. Kafin azahar fili ya zama ɗaya tun daga burtali har bakin fadama, in ban da gayaunar Gwaggo, wadda na yi ta kewayewa kamar yadda na yi alkawari. Tana nan tsaye a tsakiya ita kaɗai, da gambanta da koren lallenta.

Sai ga Malam Mai-Tef a guje yana tsallen kunyoyi, ya ɗaga mini hannu na tsaya. Ya ce babban baƙo yana tambaya wane irin aski ne wannan da aka bar tukku a tsakiyar kai. Mai hoto ya ce ba zai ɗauka ba sai an gyara. Na ce masa ta gwaggona ce, kuma na yi mata alkawari. Ya ce ai kowa ma gwaggon wani ne, kuma za a auna a mayar mata, kuma in na manta, direbobi na nan a ƙofar ofis suna jiran kujerar nan da nake kai.

Zan iya ce muku tsoron kora ne ya sa ni. Na sha faɗa wa mutane haka, har na kusa yarda. Ƙarya ne. Na waiwaya na ga mai hoto ya kafa na'urarsa ta saitina, na ga manyan riguna sun miƙe tsaye suna jira, na duba burtali na ga Gwaggo ba ta nan, ta tafi gida sallah. Abin da ya faru ke nan. Na gyara hula, na saki garma. Zuwa uku na yi. Abin da kakana ya yanka da bakinsa, matar nan ta shekara ashirin da wani abu tana zuba masa toka da kashin awaki da kanta, bai ɗauke ni tsawon cin goro guda ba. Aka tafa, na ɗaga hannu.

Ta dawo da fartanya a kafaɗa. Ina kallonta daga sama. Ta tsaya a bakin fili, ta shigo tana nutsewa a sabuwar ƙasa, ta je daidai wurin, ta juya gabas ta juya yamma. Ba ta dube ni ba. Ta koma gida. Da magariba na shiga ina raɓe-raɓe, na tarar da kwanon tuwona a inda ake ajiye shi kullum, da man shanu a kan miya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana biyu aka zo awo, a nan ne na san ashe ba wauta kaɗai aka yi ba, har da rashin mutunci. Takardar da Malam Mai-Tef ya zo da ita ta haraji ce, sunayen masu gandu ne kawai a ciki. Duk wanda ba ya cikin takardar haraji, a wurinsa Allah bai halicce shi ba. Sannan ya fitar da hanya mai faɗi ta tsakiyar fili, wai ta tarakta ce saboda shekaru masu zuwa, ya rage wa kowa kaɗan don a fitar da ita. Ya ja tef, ya kafa turaka, gonar da take a kwance ta koma a tsaye, wanda yake da gawo a gonarsa ya wayi gari gawon na wani ne. Na matsa kusa na raɗa masa maganar Gwaggo. Ya bi takarda da yatsa har ƙasa ya ce babu Tabawa, tana cikin kason Sale, su daidaita a gida. Haka ya faɗa wa duk matan da suke da gayauna a garin, su daidaita a gida, kamar ƙosai ake rabawa.

Baffa Sale ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi. Kasonsa ya ragu, ya kuma gusa gabas, ga 'ya'ya maza reras kowa na jiran a yanka masa. Da Gwaggo ta same shi, sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ban hana ki ba. Baba ne ya ba ki, duk gari ya sani. Amma ina take? A nuna mini ita in tsallake."

Sai aka ce a kira takarda. Aka kira ni. Mai unguwa da liman da dattawa suka biyo ni cikin fili, ni a gaba da tabarau. 'Ya'yana, fili ne baƙi shimfiɗe, ba gamba, ba suri, ba ko kututture, duk ni na share su. Na yi taku goma sha biyu da ƙarfi kamar na san inda za ni, na dire ƙafa na ce nan ne. Liman ya ce ai nan tsohuwar rijiyar gidansu ce. Na ce gwada ku nake yi. Na karkata kudu na sake direwa, aka ce nan gonar Malam Isuhu ce tun kakansa. Na uku da na nuna, mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce in ɗaga ƙafata daga kan kasonsa. Ranar ba wanda ya yi dariya, ni da ko gaisuwar mutuwa na je sai an dara. Malam Isuhu, wanda aka riƙo wa sanda aka kawo, shi ya ce a bar wahalar da yaro, ai Share-Iyaka ba ya mayar da iyaka. Kun ji inda sunan ya fito. Na ce a canza mini suna, aka canza.

Ƙasa ce ta ba da shaidar da na kasa. Da ruwa ya zauna, sai ga lalle ya tsiro daga saiwar da garma ta bari, a jere, layi guda, a tsakiyar hanyar tarakta. Ashe hanyar ta bi ta kan gayaunar ne ɗungurungum. Gwaggo ta kai mai unguwa ya gani, ya ce shi ba shi da iko da hanya, sai jami'i. Na yi ta sintiri a ofis har na samu ya zo. Ya tsaya da takalminsa mai sheƙi, ya buɗe takarda, ya ce hanya ta riga ta shiga taswira, ta hukuma ce, wanda ya shuka ko ƙwayar riɗi a kai zai gamu da fushin doka. Gwaggo ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Yaro, lallen nan da takardar taka, wa ya riga wani zuwa nan?"

Ya yi murmushi ya ce, Iya, zamani ya canza. Yana maganar yana murje tsiron da ƙasan takalminsa, ba ma da mugunta ba, kamar yadda mutum yake wasa da tsakuwa in ana hira. Har gobe ban manta takalmin nan ba. Ina tsaye a wurin da aljihu bakwai, ina kallo.

Yanzu ku ji ƙarshen zamanin da ya canza. Da damina ta zagayo, tarakta ba ta zo ba. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye a cikinta, bai fi goro ba, aka ce an aika ƙasar waje a kawo. Ina jin jirgin da ya ɗauko shi har yanzu yana kan teku. Motar ta zauna a bayan ofis har kaji suka yi ƙwai a kan kujerata. Malam Mai-Tef aka yi masa ƙarin girma aka mayar da shi wani wuri, ya tafi da taswirarsa. Turakan da ya kafa gara ta cinye rabi, rabi aka yi girki da su. Mutanen da ba su taɓa zuwa gaban alƙali ba suka koyi hanyar kotu a kan taku biyu na ƙasa. Babu gamba, babu ranar yanka, wanda ya yi fushi da maƙwabcinsa sai ya mutu da fushinsa. Garin da yake kai zana kasuwa ya koma saye a Wudil ranar Juma'a. Malam Isuhu sau biyu ya fita da sandarsa, sau biyu ana tarar da shi yana nome geron wani, ya dawo ya zauna a ƙofar gida, mutumin da makanta ba ta zaunar da shi ba. Bai daɗe ba ya rasu. Hanyar tarakta kuwa tana nan, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta, ƙaya da tafasa suka gaje ta, ana tsoron hukumar da ta manta ma akwai garin.

Gwaggo ta koma ɓare gyaɗar mutane, tana soya ƙuli-ƙulin wasu a ba ta abin da aka ba ta. Baffa yakan ce ga gefen gona ta ara bana, baɗi kuma wani gefen. Sau ɗaya ta karɓa, ta ce ba za ta zuba wa ƙasar aro toka ba, ta bari. Na ji da kunnena ranar da ta tsaya a ƙofar ɗakin girki ta ce a sam mata gishiri. Ba wanda ya hana ta, da sauri ma aka ba ta. Amma daga ranar in ta yi magana a tsakar gida muciya ba ta tsayawa. Ni kuwa jarumin, sai na gudu. Na kama tuƙin babbar mota, Kano zuwa kudu, na yi gida a Sabon Garin Wudil, na auri uwarku, na riƙa aika mata atamfa da sukari da sabulu mai ƙamshi. Tana karɓa ta sa albarka ta rabar.

Wata rana na shiga wani ofishi a birni neman sa hannu, na ɗaga kai sai ga ni a bango cikin gilashi. Ni ne, da tabarau, hannu a sama, haƙora talatin da biyu a waje, in ka duba da kyau ƙarƙashin tayar baya ga reshen lalle nan. An rubuta a ƙasa wai manoma suna murna da ci gaba. Wane manomi? An tambayi Isuhu? An tambayi Tabawa, ko Hajo matar wanzami da gayaunarta ta barkono, ko Ta-Sallah da take ciyar da marayu huɗu da 'yar gonar rama? Mutanen nan sun ciyar da birni tun kafin a haƙa rijiyar fetur ta farko, ba su taɓa neman kowa ya zo ya gyara musu zama ba, aka zo rana ɗaya aka kife musu rayuwa don hoto ya yi kyau, kuma ko sunansu ba a tambaya ba. Shi ya sa na rubuta sunayen a nan. In kun je ziyara maƙabartar garin, ku ambace su, ni ku bar ni da Allah.

Sai bayan shekara tara na samu hanya. 'Ya'yan wani maƙwabcinmu duk sun tare a Kano, suka sa gonar ubansu a kasuwa, wadda take manne da hanyar tarakta, daidai kusa da inda lallen ya taɓa tsirowa. Na saya. Na zo garin da babbar riga, na zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo, na ce mata na samo mata gonar da in ta shiga da safe sai an bi ta da guzuri, ta ninka tsohuwar sau arba'in. Gaskiyarta sau uku ce. Tana ɓare gyaɗa, ba ta fasa ba. Ta tambayi wa ke iyaka da ita ta gabas, na ce ɗan marigayi Malam Isuhu. Ta ce to in dawo ranar Laraba.

Damina biyu kawai ta yi a gonar nan Allah ya karɓi abinsa, kuma ita ce gonar da kuke cin gyaɗarta yanzu. Amma ranar Larabar nake so ku gani. Na zo da mota in ɗauke ta, ta ce ƙafarta lafiya lau. Ta fito a sunkuye, bayan ya riga ya lanƙwashe, da wani ƙunshi a ka wanda na ɗauka fura ce. Na bi ta a baya har bakin gona, na tarar ɗan Malam Isuhu na tsaye yana jira da hauya, ashe ta aika masa. Ta sauke ƙunshin ta kwance. Saiwar gamba ce, ta yi kwanaki tana haƙowa a bakin fadama ita kaɗai. Suka gaisa, suka tambayi juna gida, suka kama daga kai guda, shi yana sara rami, ita tana dasawa tana dannewa da diddige. Abin ya taɓa ni, har na ji idona na yaji. Na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa, na cire takalmi, na ce bari in nuna musu yadda ake dashe a kudu, na ɗaga ƙafa zan shiga.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tsaya nan kan hanyarku, Haladu. An gode, Allah ya yi albarka. Amma kai in ka shiga gona, sai an yi cigiyarta."